Filin Kimiyya: Ana Dagula Hoto Da Gangan Don A Gyara Shi

A wannan mako za mu ɗaga kai sama ne, mu duba wata dabara ta masanan haske, wadda idan mutum ya fara jin labarinta sai ya ɗauka ba'a ake yi masa. Dabarar ita ce a dagula hoto da gangan tun kafin a ɗauke shi, domin a sami sauƙin gyara shi daga baya. Tun cikin shekarar 1995 aka bayyana ta, ta kuwa yi amfani a ƙananan na'urori. Abin da za mu bincika yau shi ne ko za ta iya ɗaukar nauyin manya-manyan na'urorin hangen taurari, irin waɗanda ake ginawa a ƙololuwar duwatsu ko a harba su sararin samaniya. Maganar ba ƙarama ba ce, gama na'urar nan ta James Webb ita kaɗai ta ci wajen Dala miliyan dubu goma, kuma duk wannan dukiya asara ce idan hoto bai fito tangaran ba. Saboda haka duk wanda ya zo da hanyar rage wahalar, dole a saurare shi.

SAHUN HASKE

Kafin mu shiga bayanin dabarar, sai mun san yadda hoto yake samuwa. Idan aka jefa tsakuwa a tsakiyar tafki, ruwa yakan tashi da'ira bayan da'ira, kowace tana bin 'yar'uwarta har bakin gaɓa. To, haske ma haka yake tafiya, sahu bayan sahu. Tauraro kuwa saboda tsananin nisansa, kafin sahun haskensa ya iso gare mu ya riga ya miƙe sak, ba lanƙwasa ko kaɗan. Aikin babban madubin na'urar hangen taurari, wanda yake da zurfi kamar kasko, shi ne ya karɓi wannan miƙaƙƙen sahu ya lanƙwasa shi, ta yadda gefensa da tsakiyarsa za su isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wurin nan shi ake kira matattarar haske, a nan ne kuma ake ajiye allon ɗaukar hoto.

Wahalar ita ce ma'aunin da ake aiki da shi ƙarami ne ƙwarai. Masana suna awo da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum yana tsakanin maikiron 50 da 100. Tazarar da ke tsakanin sahu da sahu a hasken da idonmu ke gani wajen rabin maikiron ce kacal. Da zarar wani ɓangare na sahun ya makara da rubu'in wannan tazara, hoto ya fara lalacewa ke nan.

Abubuwan da ke kawo wannan makara kuwa suna da yawa. Zafi yakan miƙar da ƙarfen da ke riƙe da madubi, sanyin dare ya taƙure shi. Nauyi yakan sa madubi ya ɗan lotsa idan aka karkata na'urar daga wannan sashe na sama zuwa wancan. Inda haske ya ratsa gilashi, ja da shuɗi ba su taruwa wuri ɗaya. Mu ɗauki na'urar Vera Rubin da ke ƙasar Cile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yuni na 2025. Faɗin madubinta mita 8.4 ne, allon kyamararta kuma ya kai santimita 64, an haɗa shi da ƙananan alluna 189. Sai da maƙeranta suka jera allunan nan yadda babu wanda ya ɗara wani tudu da abin da ya wuce ushirin kaurin gashi, domin in ba haka ba wani sashe na hoton zai fito garau, wani kuwa dishi-dishi.

ZAURANCEN HASKE

Ana cikin wannan fama sai wasu masana biyu na Jami'ar Kolorado a Amurka, Edward Dowski da malaminsa Thomas Cathey, suka dubi matsalar ta wata fuska. Suka ce tun da yake kwamfuta ce za ta karɓi hoton daga ƙarshe, ba lalle ne gilashi ya gama aikin shi kaɗai ba, a raba musu aikin mana. Sai suka ƙera wani ɗan faifan gilashi suka sa a hanyar haske. Fuskar faifan ba a shafe take ba, ta tasa a wannan kusurwa, ta faɗa a waccan, bisa wani lissafi da aka tsara, tudun da kwarin duka 'yan maikiron ne. Haske idan ya ratsa shi, wani ɓangaren sahun yakan yi gaba, wani ya yi baya. Ɗigo ɗaya na haske sai ya fito kamar wata 'yar kusurwa mai jela biyu, hoton gaba ɗaya ya zama dishi-dishi.

Mai karatu zai ce to ina ribar? Ribar tana wuri biyu. Na ɗaya, wannan dishi-dishi kusan iri ɗaya ne ko allon yana daidai kan matattara, ko ya ɗan yi gaba, ko ya ɗan yi baya. Tun da kamanninsa ba su sakewa, lissafi guda ɗaya tak ya isa kwamfuta ta warware shi a ko'ina cikin hoton. Na biyu, idan kyamara ta kuskure saiti irin na yau da kullum, akwai ƙananan zane-zane da suke shafewa ƙaf, ba su bar ko alama ba, abin da ya shafe kuwa babu mai dawo da shi. Amma a ƙarƙashin faifan nan zane-zanen raunana kawai suke yi, suna nan da ransu.

Abin ya yi kama da zaurance. Wanda bai san ƙa'idarsa ba zai ji kamar shirme ake yi, alhali kuwa ko harafi ɗaya bai ɓace ba, kuma wanda ya san abin da aka cusa tsakanin gaɓoɓin kalma zai cire shi ya ji magana sarai. Wannan dabam yake da maganar da iska ta kwashe rabinta. Don haka a wannan fili za mu kira dabarar zaurancen haske.

Da ita aka faɗaɗa iyakar saitin wasu na'urori kusan sau goma. Ta shiga madubin duba ƙananan halittu, da kyamarorin tantance mutum ta ƙwayar idonsa, da kyamarorin da ke gani da zafin jiki. Masanan biyu suka kafa kamfani mai suna CDM Optics, wanda kamfanin OmniVision, mai yin kyamarorin wayar hannu, ya saya a shekarar 2005.

Ba abin mamaki ba ne da masu ƙera na'urorin hangen nesa suka yi kwaɗayinta. Gaskiya ne taurari duka a nesa suke, babu na kusa da za a ce ya fita daga saiti. Amma ɓarnar zafi da sanyi, da rabuwar launuka, da lanƙwasar filin hoto, duka dangin kuskuren saiti ne, kuma irinsu ne faifan yake shanyewa. In haka ne, ashe ana iya sassauta wa maƙera, a yi ƙarfe mara nauyi, a rage injunan daidaita madubi, kuɗi su ragu. A takarda dai lissafin yana da daɗi.

LADAN DA AKE BIYA

Sai dai kowa ya san rediyo ya san inda gizo yake saƙa. Idan tasha ta yi nisa a gajeren zango, muryar mai magana ta yi ƙasa, ka murɗa ƙara, to muryar za ta tashi, shuuu ɗin da ke bayanta ma ya tashi tare da ita. Haka kwamfuta take yi wa hoton da aka zaurance. Garin ƙarfafa zane-zanen da suka raunana sai ta ƙarfafa ƙurar da ke cikin hoton, watau ɗigo-ɗigon banza da allon kansa yake haifarwa, da wanda hasken sararin sama yake zubawa.

Mai ɗaukar hoto da rana tsaka bai damu da wannan ba, gama haske ya yi masa yawa har yana zubarwa. Masanin taurari kuwa matalaucin haske ne. Dalilin da ya sa ake gina madubi mai faɗin mita 10, kamar tagwayen Keck na tsibirin Hawai ko SALT ta Afirka ta Kudu, shi ne a tara 'yan ƙwayoyin hasken da suka yi shekaru dubban miliyoyi suna tafiya. Idan aka tara su a ɗigo huɗu ko biyar na allo, za su rinjayi ƙura a gan su. Idan aka baza su a ɗigo ɗari, kowane ɗigo ya kawo tasa ƙurar, sai tauraron ya nutse. An je neman gira an rasa ido ke nan.

Akwai kuma wani cikas. Yawancin aikin manyan na'urori ba ɗaukar hoto kaɗai ba ne. Akan tura hasken tauraro ta wata siririyar tsaga, ko ta zaren gilashi, zuwa na'urar rarrabe launuka, wadda daga gare ta ake sanin sinadaran tauraron da zafinsa da gudunsa. Hasken da ya bazu ya faɗi a gefen tsagar ya tafi ke nan, kwamfuta ba ta da hannun da za ta tsince shi ta mayar ciki.

DARASIN HUBBLE

Masanan taurari ba da ka suka san wannan ba, sun ɗanɗana. A ranar 24 ga Afrilu 1990 aka harba na'urar Hubble, mai madubi mita 2.4, zuwa kimanin kilomita 600 sama da ƙasa. Ba a daɗe ba aka gane cewa an goge gefen madubin fiye da kima da wajen maikiron 2, saboda abin da aka auna shi da shi an harhaɗa shi da kuskuren milimita 1.3. Maimakon kashi 70 cikin ɗari na hasken tauraro ya taru a tsakiya kamar yadda aka tsara, kashi 15 kacal ke taruwa, sauran ya zama hazo kewaye da shi.

To, ga dishi-dishi wanda aka san kamanninsa, aka auna shi, kuma ba iska a can sama da za ta motsa shi. In akwai inda kwamfuta za ta nuna bajinta, nan ne. Masana suka ɗauko wata hanyar lissafi da William Richardson ya bayyana a 1972, Leon Lucy kuma a 1974, suka yi shekara uku suna wanke hotuna da ita. A kan abubuwa masu haske, kamar duniyoyin da ke kewaya rana da taurari masu ƙarfi, ta yi aiki har an yaba. Amma abubuwa masu rauni, waɗanda dominsu aka gina na'urar tun farko, sun ci gaba da ɓuya cikin hazo. Daga ƙarshe sai da 'yan sama jannati bakwai suka tashi a kumbon Endeavour a watan Disamba na 1993, suka fita waje sau biyar, suka sanya wa Hubble abin da ake iya kira tabarau, watau ƙananan madubai masu mayar da sahun haske daidai tun kafin ya isa allo. Daga nan ne ta fara ba da hotunan da suka sa duniya ta san sunanta.

Ko da yake dishi-dishin Hubble haɗari ne, na faifan Dowski kuwa tsararre ne wanda ya fi sauƙin warwarewa, hukuncin ƙura ɗaya ne a kansu duka.

ISKAR DA BA TA TSAYAWA

Na'urorin da ke doron ƙasa suna da wata babbar abokiyar gaba. Duk wanda ya hangi kwalta da rana a watan bazara ya ga yadda abin da ke nesa yake rawa. Iska mai zafi da mai sanyi ne ke cuɗanya, suna karya sahun haske. Wannan ne ma yake sa taurari ƙyaftawa da dare. Ko a kan duwatsun da suka fi kowane wuri kyawun sama, sahun ba ya zama a miƙe sai a fili mai faɗin santimita 10 zuwa 20, kuma kamanninsa suna sakewa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Watau madubi mai mita 10, in ba a yi masa magani ba, bai fi na santimita 20 rarrabe abubuwa ba, illa dai ya fi shi tara haske.

A nan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Faifan zaurance yana jure kuskuren saiti da danginsa, amma ɓarnar iska tana da siffofi barkatai, kuma ba wanda ya san wadda za ta zo nan gaba. Zaurancen da ake sake wa ƙa'ida sau ɗari kafin a rufe baki ba ya warwaruwa.

Hanyar da ta ci nasara ita ce wadda Horace Babcock ya kawo shawararta tun 1953. Akan auna karyewar sahun nan take, sa'an nan a lanƙwasa wani siririn madubi ya soke ta. Inda babu tauraro mai haske kusa da za a yi awo da shi, sai a harba hasken leza zuwa kimanin kilomita 90 sama, ya kunna wani sinadari da ke can, a sami tauraron aro. Ƙatuwar na'urar da ƙasashen Turai suke ginawa a kan dutsen Armazones na Cile, mai faɗin mita 39 da gutsattsarin madubi 798, an tsara mata irin wannan madubi mai faɗin mita 2.4, da 'yan injuna fiye da 5,000 a bayansa, suna sake masa siffa har sau dubu a daƙiƙa. Ɓarnar zafi da nauyi kuwa, tun da a hankali take zuwa, tun 1989 aka nuna a wata na'ura mai suna NTT, ita ma a Cile, cewa ana iya auna ta a tura madubi ya koma daidai. Ashe ciwon da faifan yake warkarwa an riga an sami maganinsa wanda ba ya cin haske. Shi ya sa babu ɗaya daga cikin Keck da Hubble da Webb da Rubin da take ɗaukar manyan hotunanta ta cikin irin wannan faifai.

TA ƘOFAR GEFE

Kada mai karatu ya ɗauka tunanin ya mutu. Asalinsa, watau cewa dishi-dishin da aka tsara yana ɗauke da labari, ya shiga manyan na'urori ta wasu ƙofofi.

Da aka harba James Webb a ranar 25 ga Disamba 2021, madubinta mai mita 6.5 a naɗe ya tafi, gutsure 18, zuwa nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, inda ba mai zuwa gyara. Hotonta na farko ya nuna tauraro ɗaya a wuri 18. Cikin dabarun da aka bi aka haɗe su har da sanya wasu gilasai a hanyar haske waɗanda suke kawar da saiti da gangan. Daga yadda hasken ya bazu, kwamfuta take lissafa wane gutsure ne ya karkace, da kuma nawa ya karkace. Rubin ma haka, a kusurwoyi huɗu na allonta akwai ƙananan alluna da aka ajiye gaba da bayan matattara, inda taurari ke fitowa kamar zobba, daga siffar zobban ake daidaita madubai duk dare.

Tauraron ɗan Adam na Turai mai suna CHEOPS, wanda aka harba a Disamba 2019, da gangan aka kawar da saitinsa. Aikinsa auna yadda hasken tauraro ke raguwa idan wata duniya ta gitta gabansa. Duniya kamar tamu idan ta gitta gaban rana, abin da take ragewa kashi 84 ne cikin miliyan. Baza hasken a ɗigo masu yawa yana sa bambancin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ya shanye, awo ya fi inganci.

Mafi kusa da faifan Dowski shi ne wanda aka fara gwadawa a na'urar MMT ta jihar Arizona. Shi ma jinkirta sassan sahu yake yi, amma an tsara shi ne ya kwashe ƙyallin tauraro daga gefe ɗaya ya jibge a ɗaya gefen, domin a ga abin da ke ɓoye a gefen da ya yi duhu. A shekarar 2010 aka sa irinsa a ɗaya daga manyan na'urorin VLT masu mita 8.2, aka ɗauki hoton duniyar da ke kewaya tauraron Beta Piktoris, mai nisan tafiyar haske ta shekara 63. A Jami'ar Sidni ta Ostareliya kuma, Peter Tuthill da abokan aikinsa sun tsara wata 'yar na'ura mai suna Toliman, faɗinta santimita 12.5, da zane a hanyar haskenta mai baza tauraro ya zama kamar fure, domin auna 'yar girgizar tagwayen taurarin Alfa Sentauri, maƙwabtan rana.

Idan aka lura, abu biyu ne ya haɗa waɗannan duka. Tauraron da ake kallo mai haske ne, yana da rarar da za a kashe. Tambayar da ake yi masa kuma guda ɗaya ce, an san ta tun kafin a yanka gilashin.

A ganina nan ne iyakar dabarar, nan ne kuma darajarta. Za ta ci gaba da amfani a ƙananan na'urori da ba su da halin ɗaukar injunan daidaita madubi, da kuma cikin kayan awo na musamman da ake rataya wa manya. Amma babban madubi, wanda aka gina don farautar abin da ya fi kome rauni a sama, ba shi da hasken da zai biya ladan zaurance. Ya kamata kuma mu riƙe wannan a zamanin da wayar hannu take gyara hoto kafin mai ita ya gan shi, har wani lokaci ta cike gurbi da abin da take zato. Kwamfuta tana iya warware abin da aka dagula bisa ƙa'ida, amma hasken da bai shiga allo ba, in ta nuna maka shi, ƙaga shi ta yi. Mai hoton biki yana iya yafe wannan. Masanin da zai gaya wa duniya cewa ya ga wata sabuwar duniya ba shi da wannan dama.